Bikin Girkawan da ya raba hukuncin masu sharhi da na 'yan kallo

A ranar 19 ga Afrilu, 2002, aka fara nuna wani ƙaramin fim mai suna My Big Fat Greek Wedding a gidajen sinima 108 kacal a Amurka, ƙasar da manyan finafinai ke buɗewa a gidaje sama da 3,000 a rana ɗaya. Abin da ya tara a kwanaki ukun farko bai cika dala 600,000 ba, kuma makonni biyu bayan haka Spider-Man ya fito ya mamaye kasuwa, ta yadda duk mai lissafi a wannan sana'a zai ce ƙaramin fim ɗin ya gama yayinsa tun bai fara ba. Hausawa kan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma wannan Juma'ar babu wanda ya hango ta. Fim ɗin da aka kashe wa kimanin dala miliyan 5 ya yi kusan shekara guda ana nuna shi, ya tara dala miliyan 241 a Amurka da Kanada, da kimanin miliyan 368 a duniya baki ɗaya, ya zo na biyar a cikin finafinan shekarar wajen ciniki a Amurka, kuma duk da haka bai taɓa hawa matsayi na ɗaya ba ko da na mako guda. Na fara kallonsa a faifan DVD shekaru da dama da suka wuce, na sake kallonsa kwanan nan daga farko har ƙarshe, kuma abin da ya fi jan hankalina a wannan karon shi ne ratar da ke tsakanin yabon da masu sharhi suka yi masa da rabin baki da kuma irin rungumar da 'yan kallo suka yi masa da hannu biyu.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Toula Portokalos 'yar shekara 30 ce, tana zaune a gidan iyayenta a birnin Chicago, tana aiki a gidan abincin iyalinsu mai suna Dancing Zorba's, kuma kowace safiya mahaifinta Gus yana tuna mata cewa ta fara tsufa ba ta yi aure ba. A wannan gida an san abin da ake so daga 'ya mace: ta auri ɗan Girka, ta haifi 'ya'yan Girka, ta ciyar da kowa har ƙarshen rayuwarta. Toula ta samu ta shiga kwaleji don koyon aikin kwamfuta, ta koma aiki a kamfanin shirya tafiye-tafiye na Inna Voula, ta haɗu da Ian Miller, malamin makarantar sakandare, ɗa ɗaya tilo a wurin iyayensa, wanda ba ya cin nama kuma ba shi da ɗigon jinin Girkawa a jikinsa. Suka so juna, uba ya ce bai yarda ba, saurayi ya amince a yi masa baftisma a cocin Orthodox na Girkawa, aka sa rana, aka yi biki. Cikin minti 95 an gama, kuma sunan fim ɗin kansa ya riga ya faɗa wa mai kallo cewa za a ɗaura auren.

Sanin inda labarin ya fito yana taimakawa wajen fahimtar abin da ya biyo baya. Nia Vardalos, wadda ta rubuta shi kuma ta fito a matsayin Toula, haifaffiyar Winnipeg ce a Kanada, 'yar iyalin Girkawa, kuma ta koyi sana'ar barkwanci a ƙungiyar wasan daɓe ta Second City. A 1997 ta tsaya ita kaɗai a wani ƙaramin zaure a Los Angeles tana ba da labarin danginta da na aurenta, domin mijinta na wancan lokaci, Ian Gomez, shi ma ba ɗan Girka ba ne kuma shi ma ya shiga cocinsu kafin auren. A fim ɗin shi ne ya fito a matsayin abokin ango. Ta tallata wasan a majami'un Girkawa na birnin, kuma cikin waɗanda suka zo kallo akwai Rita Wilson, matar fitaccen jarumin fim Tom Hanks, wadda ita ma tana da asalin Girka. Ita ce ta tura mijinta ya je ya gani, daga nan kamfaninsa na Playtone ya shigo cikin maganar. Vardalos ta sha faɗa cewa kafin wannan, kamfanonin da ta tattauna da su sun nemi a sauya iyalin su koma masu magana da harshen Sifaniyanci, a kuma ba wata fitacciyar jaruma matsayin amarya, ita kuwa ta ƙi. Wannan ƙin amincewa shi ne jarin fim ɗin, domin duk abin da 'yan kallo suka so a cikinsa ya samo asali ne daga cewa mai labarin ce da kanta take ba da shi, da fuskarta wadda babu wanda ya sani a lokacin.

Masu sharhi ba su yi watsi da fim ɗin ba, kuma rashin adalci ne a ce sun yi. A shafin Rotten Tomatoes, wanda ke tattara ra'ayoyinsu, kashi 76 cikin 100 sun ba shi hukunci mai kyau, a Metacritic kuma ya sami maki 62 cikin 100, sannan fitaccen mai sharhi Roger Ebert, wanda shi kansa a Chicago yake rubutu, ya ba shi taurari uku cikin huɗu. Wannan sakamako ne na fim da aka ce ba laifi, irin wanda ake yaba wa a ranar Juma'a a manta da shi kafin Juma'a ta zagayo. Ƙorafin da ya fi yawa shi ne cewa ya yi kama da wasan barkwanci na talabijin da aka ja shi ya yi tsawo, wasu kuma suka ce ya mayar da Girkawa abin dariya ta hanyar cusa musu halayen da aka saba jingina wa baƙin haure: yawan surutu, yawan ci, da shiga sharo ba shanu a rayuwar 'ya'yansu.

Ƙorafi na farko gaskiya ne, kuma ido yana ganinsa. Daraktan fim ɗin, Joel Zwick, ya shafe shekaru masu yawa yana ba da umarni a wasannin barkwanci na talabijin, har ya yi aiki da Tom Hanks a wani irin wannan shiri a farkon shekarun 1980, kuma hannunsa bai sauya ba da ya zo sinima. Kyamara tana tsayawa a inda za ta ɗauki kowa, haske ɗaya ne a ko'ina, kowace fitowa tana ginuwa ne zuwa ga kalma guda ta ban dariya sannan a yanke. Duk da labarin na Chicago ne, akasarin ɗaukar an yi ta ne a Toronto, kuma birnin ba ya taka wata rawa da za ta sa mai kallo ya ji yana wani wuri na musamman. Wanda yake neman gwanintar ɗaukar hoto ba zai sami abin da zai riƙe a nan ba.

Akwai rauni mafi girma wanda ni ma nake tare da masu sharhi a kansa, shi ne ango. John Corbett ya taka rawar Ian da natsuwa da fara'a, amma marubuciyar ba ta ba shi komai da zai rasa ba. Mutum ya bar yadda aka rene shi, ya shiga wani coci, ya karɓi dangi masu ɗimbin yawa waɗanda ba sa jin kunyar tsoma baki a cikin sha'aninsa, amma ba a nuna mana dare ɗaya da ya kwanta yana tunanin ko ya yi daidai ba. An yi masa baftisma a cikin robar wankan yara, kuma an gabatar da abin a matsayin raha zalla, alhali sauya addini ko mazhaba saboda aure al'amari ne da ke raba uwa da ɗa a kowace ƙasa. Iyayensa kuwa, Rodney da Harriet, an zana su ne a matsayin mutane busassu marasa magana, ba don komai ba sai don hayaniyar surukansu ta ƙara fitowa fili. Haka nan sauyin da Toula ta yi, na cire tabarau da gyara gashi da sauya sutura, ya zo da sauri cikin 'yan mintuna kamar yadda aka saba gani a finafinan soyayya, kodayake a nan an kyautata abu ɗaya: ta fara gyara rayuwarta ne saboda karatu da aiki, tun kafin soyayyar ta kankama. Idan mutum ya auna fim ɗin da mizanin soyayyar saurayi da budurwa, to maki 62 bai zalunce shi ba.

Sai dai ina ganin a nan ne mafi yawan masu sharhi suka ɗauki mizanin da bai dace da kayan ba. Soyayyar Toula da Ian ƙofa ce kawai da aka bi aka shiga gidan, ainihin labarin yana tsakanin 'ya da iyayenta, musamman mahaifinta. Michael Constantine, wanda shi kansa ɗan baƙin haure ne daga Girka da aka haifa a jihar Pennsylvania, ya ɗauki halin da zai iya zama abin dariya kawai ya sa masa nauyi. Gus mutum ne da ya yi imani cewa ruwan goge gilashi na Windex yana maganin kowace cuta ta fata, kuma yana iya samo wa kowace kalma asali a harshen Girka, har da sunan rigar Japanawa ta kimono. Gidansa ya ƙawata shi da ginshiƙai da gumaka irin na tsohuwar Atina, ya zana tutar Girka a ƙofar garejinsa. Ana dariya, amma wanda ya lura zai ga cewa duk waɗannan abubuwa katanga ce da mutumin ya gina saboda tsoro. Ya zo Amurka da dala takwas a aljihu, ya gina gidan abinci da guminsa, kuma abin da yake gudu shi ne ranar da jikokinsa za su tashi ba su san harshensa ba, ba su san cocinsa ba, su ɗauke shi wani tsoho mai baƙon lafazi. Lokacin da Toula ta nemi izinin zuwa kwaleji ya fashe da kukan cewa tana so ta bar shi, fitowar tana ba da dariya, amma kukan na gaske ne. Kalmar da yake kiran Ian da ita a harshensu tana nufin baƙo ko bare, kuma yadda Constantine yake furta ta yana nuna cewa ba ƙiyayya ce ke cinsa ba, fargabar rasa 'yarsa ce.

Uwar gidan, Maria, wadda Lainie Kazan ta fito a matsayinta, ita ce ke riƙe da ragamar gidan ba tare da ta taɓa cewa ita ce ba. Ita ce ta koya wa 'yarta cewa idan namiji kai ne, to mace wuya ce, kuma wuya ne ke juya kai inda ya ga dama. Fitowar da ta fi nuna wannan ita ce wadda ita da Inna Voula da Toula suka zauna da Gus a gidan abinci suna kewaye-kewaye game da rashin ma'aikaci a kamfanin tafiye-tafiye, har sai da shi da bakinsa ya kawo shawarar a tura Toula can, ya kuma tashi yana alfahari da basirarsa. Duk wanda ya tashi a babban gida ya taɓa ganin an yi wa maigida irin wannan dabara, kuma ya san cewa ba raini ba ne, hanya ce ta cimma buƙata tare da barin mutum da girmansa. Abin lura shi ne Kazan Bayahudiya ce daga Brooklyn, Andrea Martin kuma da ta fito a matsayin Voula 'yar asalin Armeniya ce, wato manyan matan gidan biyu ba Girkawa ba ne, amma babu wanda ya ji sun yi baƙunta a wurin. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa abin da fim ɗin ya kama ya fi ƙabila ɗaya faɗi.

Fitowar da na fi daraja tana zuwa ne ana gab da biki, kuma babu dariya a cikinta. Toula ta tambayi mahaifiyarta ko aurenta yana kashe mahaifinta ne. Maria ta zauna ta ba ta labarin ƙauyensu da yaƙe-yaƙe da mamayar sojojin waje suka ratsa, ta ce sun yi ƙaura ne domin kada wani ya sake gaya wa 'ya'yansu inda za su zauna da abin da za su ci, kuma ta haife ta ne domin ta rayu. Sai kakar, wadda tun farkon fim ake nuna ta a matsayin tsohuwa mai baƙaƙen kaya da ke yawo a unguwa tana zargin maƙwabta da zama Turkawa, ta shigo da ƙaramin akwati, ta buɗe, ta fito da hotunanta na ƙuruciya da kambin da aka ɗora mata ranar aurenta, ta ɗora wa jikarta. Mata uku suka tsaya gaban madubi. A cikin minti biyu ko uku, tsohuwar da muka yi ta yi wa dariya ta koma mutum mai tarihi, kuma mai kallo ya ji kunyar dariyar da ya yi mata a baya. Wasan talabijin da aka ja ya yi tsawo ba ya yin irin wannan juyi, kuma da wannan fitowa nake kafa hujja cewa zargin mayar da Girkawa abin dariya bai tsaya da ƙafafunsa ba. An yi wasa da halayensu, gaskiya ne, kuma akwai Girkawan Amurka da abin bai yi musu daɗi ba, amma wasan na ɗan gida ne wanda ya san inda zai tsaya.

Mai kallo Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan yawancin abin da ke faruwa a wannan gida. Budurwar da ta kai shekara 30 a ɗakin mahaifiyarta da irin maganganun da take sha, da zawarawan da uba ke gayyatowa cin abinci ɗaya bayan ɗaya ko za ta ga wanda ya yi mata, da dangin da suka karɓe shirin biki daga hannun amarya har suka zaɓa wa ƙawayenta ankon da ba ta so, da 'yan uwa 27 waɗanda rabinsu suna ɗaya suke amsawa saboda an yi wa kakanni takwara, duk abubuwa ne da muka sani da sunayensu. Ranar da iyayen Ian suka zo gaisuwa suna zaton za su tarar da mutum huɗu ko biyar a teburi, sai suka tarar da dangi kaf a tsakar gida ana gasa rago, kuma a wani taron dangi da aka gaya wa Inna Voula cewa angon ba ya cin nama, sai ta yi shiru na ɗan lokaci sannan ta ce ba komai, za ta dafa masa naman rago. A coci kuma ɓangaren amarya ya cika maƙil, na ango kuwa 'yan layuka ne kawai. Karin maganarmu da ke cewa naka sai naka, daɗin zama sai bare, ta bayyana halin da Toula take ciki fiye da yadda kowane mai sharhi ya bayyana shi.

Irin wannan gane kai a cikin labarin wasu shi ne ya sayar da fim ɗin, kuma yadda cinikinsa ya tafi yana tabbatar da haka. Kamfanin IFC Films da ya rarraba shi ba shi da kuɗin tallan da manyan kamfanonin Hollywood ke zubawa, don haka aka fara da unguwanni da majami'u da bukukuwan Girkawa, aka bar waɗanda suka gani su kai labari. A al'adar kasuwar sinima ta Amurka, fim yana samun mafi yawan kuɗinsa a makon farko, sannan ciniki ya yi ta raguwa. Wannan kuwa sai ya riƙa ƙaruwa daga wata zuwa wata, ana ƙara masa gidajen sinima kaɗan-kaɗan, har ya kai matsayi na biyu bayan ya shafe fiye da wata huɗu a kasuwa, ya kuma kai ga gidaje kimanin 2,000 a lokacin kaka. Tallan talabijin yana iya cika zaure a mako ɗaya, amma ba ya iya riƙe fim wata da watanni. Abin da ke yin haka shi ne mutum ya fito ya kira 'yar'uwarsa ko mahaifiyarsa ya ce lallai ki je ki gani, akwai Baba a ciki. Italiyawa da Yahudawa da Indiyawa da Larabawa da sauran 'ya'yan baƙin haure sun ga gidajensu a ciki, haka ma manyan mutane da finafinan jarumai masu tashi sama ba su dame su ba. Tarihin da ya kafa na fim mafi ciniki da bai taɓa zama na ɗaya ba ya tsaya har shekara 14, sai wani fim na zane mai motsi da ya fito a ƙarshen 2016 ya karɓe shi.

Masu ba da lambobin yabo sun biyo bayan jama'a ne. An saka Vardalos cikin 'yan takarar Oscar na rubutun labari na asali, lambar da Pedro Almodóvar na Sifaniya ya lashe a wannan shekara, fim ɗin da jarumarsa sun shiga takarar Golden Globe, sannan ya ci lambar People's Choice ta fim ɗin barkwanci, wadda 'yan kallo ne ke zaɓa.

Akwai masu tambayar ko ya cancanci a kira shi fim mai zaman kansa, tunda da hannun Tom Hanks a ciki, kuma kamfanonin Gold Circle Films da HBO ne suka zuba kuɗin. Tambayar tana da tushe, domin ba kowace marubuciya ce ke samun ɗaya daga cikin manyan taurarin duniya ya tsaya mata ba, kuma sunan Hanks ya buɗe ƙofofin da da sun kasance a rufe. Amma a ganina 'yancin da ya fi muhimmanci shi ne na labarin, kuma wannan an same shi: babu babban kamfani da ya tsara shi, babu tauraron da aka gina shi a kansa, kuma mai labarin ta riƙe iyalinta da matsayinta. Ta fuskar kuɗi kuwa, bai tsira daga halin masana'antar ba, domin a 2007 Hanks da Wilson da Vardalos da abokin aikinsu Gary Goetzman sun kai Gold Circle ƙara kan kasonsu na riba, kafin daga baya su janye ƙarar.

Abin da ya biyo bayan fim ɗin shi ne ya fi ba ni tabbacin cewa 'yan kallon 2002 sun san abin da suka saya. A watan Fabrairun 2003 tashar CBS ta mayar da labarin wasan talabijin na mako-mako, da mafi yawan 'yan wasan amma ba tare da Corbett ba. Mutane sama da miliyan 20 suka kalli kashi na farko, sannan suka watse, aka dakatar da shirin bayan kashi bakwai. Da a ce fim ɗin wasan talabijin ne kawai kamar yadda aka zarge shi, da komawarsa talabijin ta zama komawa gida, amma sai ga shi da aka ba jama'a barkwancin ba tare da nauyin da ke ƙarƙashinsa ba, sun gane bambancin cikin makonni kaɗan. Fim na biyu da ya fito a 2016 ya maimaita raha iri ɗaya, da Windex da asalin kalmomi da sauransu, ya tara kimanin dala miliyan 90 a duniya, kuma masu sharhin da suka yaba masa ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Na uku, wanda Vardalos ta ba da umarni da kanta aka kuma ɗauka a ƙasar Girka, ya fito a watan Satumban 2023, shekara biyu bayan rasuwar Michael Constantine, kuma bai tara ko rabin abin da na biyu ya tara ba. Na kalli dukansu biyu, kuma a kansu ba ni da saɓani da masu sharhi ko kaɗan. A na ukun an yi ƙoƙarin girmama marigayin ta hanyar gina labarin kan cika wasiyyar Gus, niyya ce mai kyau, amma rashinsa a kan allo ya bar gurbin da kyawun tsibirai da teku bai cike ba.

Ga wanda zai nemi fim ɗin ya kalla, akwai abubuwan da ya kamata ya sani tun da wuri. Hukumar tantance finafinai ta Amurka ta ba shi matakin PG, wato iyaye su sa ido idan yara za su kalla; babu tsiraici ko zubar da jini, amma akwai shan giya a wuraren taro, akwai sumbata, kuma an nuna a fakaice cewa masoyan sun kusanci juna kafin aure, don haka iyaye su fara dubawa kafin su zauna da yara. Turancin iyayen Toula yana da lafazi mai nauyi kuma wani ɓangare na rahar yana cikin yadda suke karya harshen, saboda haka kunna rubutun da ke bin magana a ƙasan allo yana taimakawa ƙwarai. Fim na farko shi nake ba da shawara a nema, kuma ya fi daɗi a kalle shi cikin jama'a, tare da 'yan'uwa mata da iyaye idan hali ya yi, domin rabin daɗinsa yana cikin waiwayen da ake yi ana duban juna. A jawabin walima Gus ya danganta sunan Miller da kalmar Girka mai nufin tuffa, nasu sunan kuma da lemo, ya ce duka 'ya'yan itace ne, sannan ya miƙa wa ango da amarya takardar gidan da ya saya musu. Toula ta rungume shi tana kuka, kuma sai a fitowar ƙarshe, bayan shekara shida, aka nuna mana cewa gidan yana jikin katangar nasa, tana fitowa daga ciki riƙe da hannun 'yarta za ta kai ta makarantar koyon harshen Girka.